Taron Texas a Cape Town: daga ina sunan ya samo asali?

Hauwa Gombe

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin fiziks, kuma aikina ya shafi baƙin rami, wato tauraron da ya durƙushe cikin kansa har haske ma ba ya iya kuɓuta daga riƙonsa. A cikin takardun da malamina ya ba ni in karanta, na yi ta cin karo da wani taro mai suna Texas Symposium on Relativistic Astrophysics. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wata takarda ta ce an gabatar da ita a taron Texas karo na 29 da aka yi a Cape Town a 2017, wata kuma ta ce taron Texas na birnin Munich a Jamus. To ina Texas ɗin?

Don Allah wanda ya san tarihin abin ya taimaka min. Su wa suka kafa shi, kuma me ya tilasta musu kafa shi? Sannan ɗaliba irina za ta iya zuwa ta tsaya ta yi bayanin aikinta, ko kuwa wuri ne na manyan farfesoshi kawai? Na gode.

Ɗan Agadas

Wa alaikumus salam Malama. Ni ba fannina ba ne, amma batun sunan ba wani abin mamaki ba ne. Tseren motocin nan na Dakar da ya riƙa ratsa hamadar Tenere ya sauka garinmu, tun 2009 ya bar Afirka ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa, amma har gobe Dakar ake ce masa. Haka shi ma wannan taron. A jihar Texas aka fara shi, da ya girma sai ya shiga yawo da sunansa na yanka. Sauran bayanin mu jira Dakta Bashir, shi ne ya zauna da mutanen.

Dakta Bashir

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama Hauwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Ɗan Agadas ya gama magana a kan sunan. Amma zan ɗan ja labarin yadda aka fara, domin a cikinsa ne amsar tambayarki ta biyu take.

Ki fara sanin halin da fannin yake ciki kafin 1963. Einstein ya kammala ka'idarsa ta girabiti, wato ƙarfin da ke sa abubuwa masu nauyi jan juna, a 1915, aka gwada ta a husufin ranar 29 ga Mayun 1919 daga tsibirin Principe, nan kudu da mu a Tekun Gini, da kuma garin Sobral na Brazil. Da aka gama tafi da shewa sai abin ya kwanta. Shekara talatin da ɗoriya yawancin masana fiziks suna kallon ka'idar a matsayin lissafi mai ban sha'awa wanda ba ya tsinana komai a ɗakin gwaji. Kuɗi da hazikan ɗalibai duk sun karkata wajen nukiliya. 'Yan tsirarun da suka riƙe fannin sun haɗu a Bern a 1955, 'yan watanni bayan mutuwar Einstein, sannan a Chapel Hill ta Amurka a Janairun 1957, taron da Cécile DeWitt-Morette da mijinta Bryce DeWitt suka shirya. Ki duba fa, a Chapel Hill har lokacin ana gardama a kan ko igiyoyin girabiti, wato kaɗawar sarari da ka'idar ta yi hasashe, abu ne na zahiri mai ɗauke da makamashi, ko kuwa lissafin ne kawai yake ruɗar mutane. Su kuwa masana taurari, masu kwana a gindin madubin hangen nesa, ba ruwansu da wannan gardama. Ba su ga abin da za ta ƙara musu ba.

Sai ga 1963. A watan Fabrairu Maarten Schmidt, ɗan ƙasar Holan da ke aiki da babban madubin Palomar a Kalifoniya, ya gano sirrin wani abu a sama mai lamba 3C 273. A ido kamar ƙaramin tauraro yake, amma haskensa ya karkata zuwa ja da kusan kashi 16 cikin 100, ma'ana nisansa ya haura tafiyar haske ta shekara biliyan 2. Abin da zai yi wannan nisa kuma a gan shi tar haka, to ya fi galaksi, wato tarin biliyoyin taurari, sukutum haske ninki ba ninki, alhali daga ɗan ƙaramin wuri hasken yake fitowa. Shi ne abin da muke kira kwezar yanzu. Tambayar da ta hana kowa barci ita ce, ina yake samun wannan wuta? Ƙonewar nukiliya irin ta cikin rana ba ta mayar da ko kashi 1 cikin 100 na nauyin abu zuwa makamashi. Fred Hoyle da William Fowler suka kawo shawarar cewa wataƙila wani ƙaton abu ne mai nauyin rana miliyoyi yake durƙushewa saboda nauyin kansa. Da zarar an ce durƙushewa kuwa, an shigo gonar Einstein.

A daidai wannan lokaci Texas tana da kuɗi tana neman suna a ilimi. Masu kamfanin Texas Instruments sun kafa wata cibiyar bincike a Dallas, wadda daga baya, a 1969, ta zama Jami'ar Texas ta Dallas. Sun ɗauko Ivor Robinson, Bature ɗan Ingila, ya jagoranci sashen lissafi. A Austin kuma Alfred Schild ya buɗe cibiyar nazarin ka'idar Einstein a 1962, ya jawo mutane irin su Engelbert Schucking daga Jamus da wani matashi ɗan New Zealand, Roy Kerr. Schucking ya ba da labari daga baya cewa a bazarar 1963 su ukun, shi da Robinson da Schild, suna zaune bakin wurin wanka a Dallas aka kawo maganar a shirya ɗan ƙaramin taro, don a san da zaman garin. Schucking ne ya kawo batun waɗannan sababbin abubuwa na sama. Wayon da suka yi shi ne suka tsara taron yadda dole masu lissafi da masu duba taurari su zauna ɗaki ɗaya. Suka sa Peter Bergmann, wanda ya yi aiki da Einstein kansa, cikin masu aika goron gayyata. Ƙaramin taron da aka yi niyya sai ya tara mutum wajen 300.

An buɗe shi ranar 16 ga Disamban 1963, aka yi kwana uku. Ki lura da ranar. A wannan gari na Dallas aka harbe Shugaba Kennedy ranar 22 ga Nuwamba, ko wata ɗaya ba a yi ba. Garin yana cikin jimami da kunya baƙi suka sauka. Robert Oppenheimer yana wurin, mutumin da tun 1939 shi da ɗalibinsa Hartland Snyder suka yi lissafin yadda tauraro zai durƙushe har ya ɓace wa gani, aka yi watsi da takardar sama da shekara ashirin.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. A watan Satumban wannan shekara Kerr, yana da shekara 29, ya wallafa wata gajeriyar takarda da ba ta cika shafi biyu ba. Tun 1916 da Karl Schwarzschild ya warware lissafin Einstein na abu dunƙulalle wanda ba ya juyawa, shekara 47 ana neman na abu mai juyawa an kasa, alhali duk abin da ke sama juyawa yake. Kerr ya samo shi. A Dallas aka ba shi 'yan mintoci. Waɗanda suke wurin sun ce da ya tashi sai masana taurari da yawa suka fice waje, wasu suka ci gaba da hirarsu ƙasa-ƙasa, wasu suna gyangyaɗi. Da ya gama sai wani dattijo Bagirke, Achilles Papapetrou, wanda shi ma ya ɓata shekaru yana neman wannan amsa, ya miƙe cikin ɓacin rai ya faɗa wa zauren cewa ba su san abin da aka ajiye a gabansu ba.

Kuma wallahi ba su sani ba. Tambayar da ta tara su ita ce ina kwezar ke samun wutarta. Iskar gas da ke zagaye baƙin ramin da ba ya juyawa tana iya sakin kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinta a matsayin makamashi kafin ta faɗa. In ramin yana juyawa iyakar ƙarfinsa, bisa lissafin Kerr, abin yana kaiwa wajen kashi 42. Amsar tambayarsu tana kan allo suna neman ƙofar fita. Sai da aka ɗauki shekaru, bayan aikin Salpeter da Zel'dovich a 1964 da na Lynden-Bell a 1969, sannan aka haɗa biyu da biyu. Ke da kike aiki a kan baƙin rami, lissafin Kerr ne abincinki na kullum.

A liyafar taron Thomas Gold ya yi jawabin da ake yawan tunawa, inda ya ce ashe dai masu ka'idar Einstein ba ado ba ne kawai a jami'a, suna iya yin amfani, kuma zai zama abin takaici in aka sake sallamar su. Ba a sake sallamar su ba.

Daga nan aka yi na biyu a Austin a 1964, sai New York, aka riƙa komawa Texas ana fita, kusan duk shekara biyu a watan Disamba. Karon farko da ya tsallaka teku shi ne Munich a 1978, wanda kika gani. Wannan zama na Munich ba ƙarami ba ne. A can Joseph Taylor ya bayyana cewa taurarin nan biyu da shi da ɗalibinsa Russell Hulse suka gano da faifan sauraron taurari na Arecibo a 1974, masu zagaye juna cikin awa 7 da minti 45, suna matsowa kusa da juna daidai gwargwadon abin da ka'idar Einstein ta ce za su yi in suna zubar da makamashi ta igiyoyin girabiti. Zagayen yana raguwa da kusan kashi 76 cikin miliyan na daƙiƙa a shekara. Wannan ya rufe bakin gardamar Chapel Hill, ya kuma kai su biyun ga kyautar Nobel ta 1993. Bayan haka taron ya je Birnin Kudus, Paris, Melbourne, Sao Paulo, ya koma Dallas a 2013 don cika shekara 50. Na Geneva a Disamban 2015 shi ne ke ba ni tausayi: 'yan LIGO, na'urorin farautar igiyoyin girabiti a Amurka, sun riga sun kama igiyar farko tun 14 ga Satumba, amma ba a ba su izinin magana ba sai 11 ga Fabrairun 2016, don haka suka zauna a zauren bakinsu a rufe. Cape Town a 2017 shi ne zuwansa Afirka na farko.

Hauwa Gombe

Allah ya saka da alheri Dakta, ya ƙara basira. Labarin Kerr ya taɓa ni ƙwarai. Amma gaskiya ya ɗan karya min gwiwa. In mutumin da ya zo da irin wannan gagarumin aiki ba a saurare shi ba, ina ga ni da zan zo da ɗan lissafin digiri na biyu? Ga kuɗin rajista, ga jirgi, ga biza. Kenan ɗalibi ba shi da wurin da zai koyi tsayawa gaban mutane sai ya zama babba?

Dakta Bashir

Kada gwiwarki ta karye, ƙanwata. Taron Texas yana karɓar ɗalibai, ana tura taƙaitaccen bayanin aiki, in an amince a ba ki 'yan mintoci a ƙaramin zaure ko a ba ki bango ki liƙa fosta. Amma ba zan ɓoye miki ba, ba can ake rainon ɗalibi ba. Ana rainonsa ne a wani irin taro daban, wanda sunansa ba ya fitowa a jarida, kuma shi ne ya fi kwanta min a rai.

A 1985 aka fara wani taro a Caltech da ke Pasadena, inda Kip Thorne yake, mai suna Pacific Coast Gravity Meeting, na jami'o'in gaɓar yammacin Amurka. Jim Isenberg na Jami'ar Oregon shi ne ƙashin bayansa, har daga baya aka riƙa liƙa sunansa a jikin taron. Dokokinsa kaɗan ne. Ba kuɗin rajista. Ba wani babban baƙo da za a ware wa awa guda. Duk wanda ya ce zai yi magana za a ba shi fili, kuma mintocin farfesa daidai suke da na ɗalibi, abin da bai wuce rubu'in awa ba har da tambayoyi. Zaure ɗaya ne, don haka ba wanda zai ce ya tafi sauraron wani a ɗakin gaba. Kwana biyu ake yi, Juma'a da Asabar, wajen ƙarshen sanyi, kowace shekara wata jami'a ta karɓi baƙunci. Taron Texas ya fara a matsayin na yanki ya zama na duniya. Wannan kuwa da gangan ya ƙi girma, shekara kusan arba'in ke nan.

Lokacin da nake ɗalibi a can, a Santa Barbara na fara tsayawa. Malaminmu ya ɗauko hayar wata doguwar mota ya zuba mu a ciki, shi ke tuƙi, mu kuma kowa da kwamfutarsa a cinya yana gyaran zanensa na ƙarshe. Masauki kuwa, ɗaliban jami'ar suka rarraba mu a gidajensu, ni na sami doguwar kujerar falo da bargo. Da safe a ƙofar zauren akwai tebur da tulun gahawa da alƙalami mai kauri, kowa ya rubuta sunansa a takarda ya manna a ƙirji. Ba wanda ya rubuta Farfesa ko Dakta. Lokacin hutun rana na fita neman inda zan yi Juma'a, na dawo da gudu domin ni ne na biyu bayan hutun.

Shugabar zaman tana riƙe da agogo. In saura minti biyu sai ta ɗaga yatsu biyu, in lokaci ya cika sai ta miƙe tsaye ta fara takowa a hankali wajen allo, kuma haka ta yi wa wani mai furfura da ya riga ni. Da na gama, wani dattijo a layin gaba, wanda littafinsa muke karantawa a aji, ya ɗaga hannu ya tambaye ni me zai faru da sakamakona in juyawar ramin ta kusa iyaka. Na ce ban gwada ba tukuna. Ya ce to a gwada. A wajen shan gahawa ya neme ni da kansa, ya jawo takardar goge hannu ya zana min inda yake zaton lissafin zai fara tangaɗi, ya ba ni sunan wani ɗalibinsa da ya taɓa fama da irin wannan. Babi guda na kundin digirina daga wannan takardar goge hannu ya fito.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa ba kirkin mutum ɗaya ba ne, tsarin ne. Dattijon ba shi da wani zaure da zai gudu, ba shi da babban jawabin da yake shiryawa, kuma ya san badi ma zai sake ganina. Wanda ake gani duk shekara ana lura da ci gabansa, kuma idan lokacin neman aiki ya zo akwai masu cewa mun san yaron nan tun yana rawar murya.

Sauran yankuna sun kwaikwaya. Jihohin tsakiyar ƙasar Amurka sun fara nasu a farkon shekarun 1990, Midwest Relativity Meeting, aka yi na gabas, aka yi na gaɓar Tekun Meksiko. Birtaniya ta fara BritGrav a Southampton a 2001 a kan wannan tsari na fifita matasa. Ƙungiyar masana fiziks ta Amurka, wadda ta buɗe reshen girabiti a 1995 da ƙoƙarin Beverly Berger, tana ba da 'yar kyauta ga ɗalibin da ya fi iya bayani a kowane ɗayan tarukan yankin. Dubban mutanen da sunayensu ke kan takardun LIGO, da yawa daga cikin na Amurka a irin waɗannan ɗakuna suka fara buɗe baki. Ni a ganina, in ana lissafin abin da ya raya fannin nan, ana cika ba wa manyan taruka lada fiye da kima.

Malam Iliya Zariya

Dakta, ranka ya daɗe, na ji daɗin bayanin nan, amma ina da ja a wuri biyu.

Na farko, labarin Kerr da ka kawo yana iya zama hujja a kanka. Papapetrou a Paris yake aiki lokacin. Me ya kawo shi Dallas? Girman taron. Da taron yanki ne na mutanen Texas kaɗai, da Kerr ya yi wa Schild da Robinson bayani, mutanen da suka riga suka san aikin, kowa ya gyaɗa kai a tashi. Kuma masana taurarin da suka yi gyangyaɗi, ko ba komai sun koma gida sun san akwai wasu mutane masu lissafin da wata rana za su buƙata. Ƙaramin taro yana tara waɗanda suka riga suka san juna. Haɗa waɗanda ba sa ga maciji kuwa sai babba.

Na biyu, taron gaɓar yamma yana tafiya ne domin a tsakanin San Diego da Seattle akwai jami'o'i da yawa masu rukunin girabiti, kowanne da kuɗin mai da na hayar mota. Malama Hauwa tana Gombe. Masu wannan fanni a ƙasar nan in aka tara su ba su cika aji ɗaya ba, kuma a warwatse suke. Ba wai ba mu da tarihi ba ne. Marigayi Farfesa Sam Okoye, tun yana ɗalibi a Cambridge a tsakiyar shekarun 1960, shi da Antony Hewish suka gano wani ɗan ƙaramin tushen igiyar rediyo a cikin Crab Nebula, ragowar wani tauraro da ya fashe, kuma daga baya aka tabbatar wannan tushen fulsa ne, wato ɗan ƙaramin tauraro mai juyawa da sauri yana walƙiya. Ya dawo ya gina fannin a Nsukka, kuma har yau can ne cibiyar. Amma ƙarfinmu a ɓangaren duba taurari yake, ba lissafin Einstein ba. Taron Texas ma bai je Cape Town don kara ba. Ya je ne domin George Ellis, masanin ka'idar Einstein, ya yi shekaru yana horar da ɗalibai a can, ga madubin SALT a Sutherland, ga faya-fayan sauraron taurari na MeerKAT 64 da a lokacin ake gab da kammalawa a Karoo, ga na'urorin hangen nesa na H.E.S.S. a Namibiya. A tara mutanen tukuna, taro zai biyo baya.

Dakta Bashir

Malam Iliya, maganarka ta farko tana da nauyi, na karɓa. Aikin da Dallas ta yi a 1963 ƙaramin taro ba zai iya shi ba. Inda nake tsaye shi ne, irin wannan haɗuwa sau ɗaya ake buƙatarta a zamani, shi kuwa ɗalibi duk shekara yake buƙatar inda zai yi magana a gyara masa.

A ta biyun ce ban bi ka ba. Mutanen da ka ce a tara tukuna, a ina za su fito in ba a irin wannan zama ba? Kuma ba dole sai girabiti zalla ba. In an haɗa masu lissafi, masu nazarin sararin samaniya da masu sarrafa bayanai a kwamfuta daga jami'o'in da mota ke kaiwa cikin yini ɗaya, za a cika ɗaki. Abin da zan roƙa a ɗauko daga gaɓar yamma shi ne dokokin: ba rajista, ba babban baƙo, ba jawabin buɗe taro da zai cinye safiya, zaure ɗaya, mintoci daidai wa daida. Makarantar bazara ta matasan masana taurari na Afirka ta Yamma da aka fara a Abuja a 2013, ta je Nsukka ta je Accra, ta nuna cewa ɗaliban suna nan in an kira su. Ghana ma ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ya zama na'urar sauraron taurari a 2017.

Malama Hauwa, ke kuma ga abin da za ki iya farawa da shi tun yanzu. Bayanan igiyar farko da LIGO ta kama, GW150914, a buɗe suke a intanet kyauta, tare da darussan harshen kwamfuta na Python kan yadda ake tace su. Ramuka biyu ne, ɗaya mai nauyin rana kusan 36, ɗaya 29, suka haɗe suka zama guda mai kusan 62, kuma wanda ya fito ɗin mai juyawa ne, irin na Kerr. Ki sauke su, ki fitar da zanen da hannunki, ki shirya bayanin minti 12. Ki fara gabatar da shi a sashenku, ki sa wata ƙawarki ta riƙe agogo. In kin shirya ki turo min zanen ta akwatin saƙo na nan zauren, zan duba.

Hauwa Gombe

In sha Allahu zan fara a wannan makon, Dakta. Kwamfutata tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta gigabait 4, kuma data tana tsada. Za ta ɗauki aikin?

Dakta Bashir

Za ta ɗauka. Kada ki sauke babban fayil ɗin, akwai guntu na daƙiƙa 32 daga kowace tasha, Hanford da Livingston, 'yan megabait ne kawai. Igiyar kanta ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Ki fara da na Hanford, ki tace ƙarar da ke ƙasa da 35 da wadda ke sama da 350 a ma'aunin hez, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa, sannan ki ɗora na Livingston a kai. Sai kin kifa ɗaya kin kuma matsar da shi da kusan kashi 7 cikin 1000 na daƙiƙa kafin su hau juna, domin Livingston igiyar ta fara isa.